Rediyon Baba da Tafsirin Unguwa

Jiya na wuce shagon wani mai gyara a Jakara, ƙaurin dalma ya buge ni, sai Baba mai gyaran rediyo ya faɗo mini a rai.

Azumin shekarar da sojoji za su miƙa mulki, ni ke jan baƙi a tafsirin masallacinmu na Soron Ɗinki. Ana gobe za a fara, na'urar lasifikarmu ta mutu, na haya kuwa 'yan siyasa sun kwashe. Matan unguwa daga cikin gida suke sauraro. In babu ita, sun rasa karatun shekara.

Na kai wa Baba, ya buɗe ta, ya zaro 'yan kwalaben da ake kira bawul, yana ƙwanƙwasa kowace da farce a bakin kunnensa. Ya ce, "Biyun nan sun riga mu gidan gaskiya." Ya ɗauko tsohon rediyonsa, wanda duk layin ke taruwa jin labarin zaɓe a gabansa, ya cire bawul ɗin cikinsa ya dasa a na'urarmu.

Na ce, "Baba, labarai fa?"

"Wanda ya ci, ko ba rediyo za ka ji gangarsa. Malam, matso."

Kwalaben suka soma ja kamar garwashi. Zan buɗe baki ya ɗaga hannu: "Tsofaffi ne, sai sun ji ɗumi." Can na ja Bisimilla. Muryata ta fita tas, muka jiyo kabbarar mata daga bayan katanga. Baba yana dariya yana share ido.

Allah Ka haskaka kabarinsa, Ka jiyar da shi sallamar mala'iku a ƙofar Aljanna.