Ranar da Baba Ya Karanta Mana Shafi Ɗaya

Ƙararrawar keke ce ta tuno mini. Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida ina ɓarar gyaɗa, mai tallar burodi ya wuce yana kaɗa ta, sai na ji kamar an ɗauke ni an dire a ƙauyenmu, can gefen Tungan Maje, tun ana hango Dutsen Zuma daga cikin gona babu benen da ya tare shi. A lokacin in an ce Abuja, garin sarki ake nufi, wanda kuke kira Suleja yanzu. Nan da kuke zaune kuna cewa birni, daji ne da gonakin doya da rugagen Fulani jefi-jefi.

Ni ban yi boko ba, kuma ba na jin nauyin faɗa. Jikata ce ke rubutawa ni ina zuba, na kuwa ja mata kunne kada ta gyara mini baki.

Keke ɗaya tak ke shigowa garinmu, na malamin yaƙi da jahilci. A bayansa yana ɗaure da wani akwatin ƙarfe cike da ƙananan littattafai. Wannan akwati shi ne ɗakin karatunmu gaba ɗaya: ya yini biyu a wurinmu, ya wuce ƙauyen gaba, mako ya zagayo ya dawo. Da la'asar magidanta kan taru a rumfar kasuwa yana koya musu. Babana na cikinsu, da furfurarsa a gemu. Dalilinsa guda ne. Ƙanensa da ke aikin jirgin ƙasa ya taɓa aiko masa da wasiƙa, ya kai wa wani ya karanta masa, kafin ya iso gida rabin gari sun san abin da ke ciki. Tun ranar ya ce sirrin gidansa ba zai sake bi ta bakin wani ba.

Mutum ne da ba a raina shi a gona. In ya tara ƙasar doya, sai ka rantse da ƙwarya ya auna kowane tudu. Amma takarda ta ba shi wuya. Na sha kai masa abinci in tarar ya jingine garma yana zana baƙaƙe da tsinke a ƙasa, da ya ji motsina sai ya share da ƙafa.

Bayan an haƙe doya aka yanke dawa, malam ya ce za a yi ranar iyali. Kowane ɗalibi ya zo da mutanen gidansa, har na goye, ya karanta wa 'ya'yansa shafi ɗaya a bainar jama'a. Ina tankaɗe a bayan rumbu na ji Baba yana ce wa Inna, "In na ji kunya a gaban yaran nan, ni da rumfar nan har abada." Baba kuwa ba ya magana biyu.

To, akwai Kaka, mahaifiyarsa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. In za ta aika masa saƙo yana tsaye a gabanta, Inna take gaya wa. Ita ce kuma uwar tatsuniya a unguwarmu. Yaran Gwari maƙwabtanmu ma wurinta suke zuwa. Da ta ji cewa abin da za a karanta tatsuniya ce, kuma da hantsi, sai ta ajiye mazarinta.

"Tatsuniya da rana? So ake a ɓatar mini da jikoki a daji? Ita takardar ba ta san rana ba ne?"

Ku na yanzu ba ku sani ba. A wurinmu duk yaron da ya yi tatsuniya ko ya saurara da rana, an ce zai ɓace hanya. Sai fa in an ɗaure ta tukuna: a zaro ciyawa daga jikin rufin ɗaki a ƙulla, shi ke nan ta ɗauru ba za ta bi kowa ba. Kaka ta san wannan sarai, amma ta ce ita ba za ta ƙulla wa takarda ciyawa ba.

Duk da haka, a ranar sai ga Kaka ta zo. Ta zauna can gefe ta ba rumfar rabin baya, tana kaɗin audugarta kamar hanya ce ta biyo da ita.

Ban taɓa ganin rumfar ta cika haka ba. Matan Gwari sun sauke kayansu daga kafaɗa sun zauna, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci da masu bin na gargajiya duk tabarma ɗaya. Fulani biyu masu tallar nono suka dire ƙorensu suka ce sai sun ga ƙarshen abin. Malam ya sa aka wanke wa yara hannu, sannan ya buɗe akwati ya ba kowa littafi ya taɓa. Nawa akwai hoton akuya a ciki. Na shinshina shi, ƙanshinsa kamar na sabuwar atamfa.

Mutum biyu suka karanta, aka tafa musu. Sai aka kira Baba.

Ya tsuguna, littafin a kan gwiwa, ɗan yatsansa a ƙarƙashin layi. Tatsuniyar yarinyar nan ce da ta je rafi wanke gero ƙaguwa ta riƙe mata ƙwarya. Duk mun san ta, daga bakin Kaka. Baba na tafiya da ita a hankali, kalma ɗaya, numfashi, kalma ɗaya, kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Gumi na bin wuyansa. Amma yana tafiya, har ya kai tsakiya.

Nan ƙanwata ta ɓata lissafi. Rarrafe ta fara a lokacin. Ta sulale daga cinyar Inna, ta nufi Baba, ta kama gefen littafin za ta kai baki. Baba ya ɗaga hannu ya ɗauke ta. Da ya mayar da ido, wurin da yatsansa yake ya ɓace. Layukan duk sun zama iri ɗaya, kamar kunyoyin gonar da ba taka ba. Ya sa yatsa a nan, ba nan ba ne. Ya koma sama ya sake farawa, ya sarƙe.

Sai wani taubashinsa ya ɗaga murya daga baya, "Sarkin noma, ko a miƙo maka garma ka haƙo ta?"

Aka fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma na ga Baba ya fara rufe littafin a hankali, na kuwa san abin da rufewar nan take nufi.

Ban ga tashin Kaka ba, sai ganin ta na yi tsaye a bakin rumfa. Ta miƙa hannu ta zaro ciyawa daga rufi, ta ƙulla ta tamau a gaban kowa, ta soke ta a inda ta ciro. Ko inda ɗanta yake ba ta duba ba. Malam ta fuskanta.

"Malam, kai da ka yi karatu, ba ka san a nan ake waƙa ba? An zo wurin waƙa kun bar mutum shi kaɗai. Kai, yara, ina bakinku?"

Ta ɗauko ta da muryar nan tata mai ɗan kaushi:

"Ƙaguwa, ƙaguwa, sakar mini ƙwarya,
Ta Inna ce, ba tawa ba."

Muka amsa gaba ɗaya, "Ba tawa ba!" Yaran Gwari suka amsa da irin Hausarsu, masu nono na tafi, har shi taubashin ya shiga. Waƙar nan sau biyu ake yin ta, kowa ya sani. Kaka ta yi ta sau shida. Tana yi tana saurare da kunne ɗaya. Ni da nake kusa na ga yatsan Baba yana bin layi ɗaya bayan ɗaya, ƙanwata a ɗaya hannun, har ya tsaya cak a wani wuri. Ya yi gyaran murya. Nan take Kaka ta katse waƙar, ta koma wurin mazarinta.

Ya karanta har ƙasan shafin, bai sake tuntuɓe ba. Da ya gama bai ɗago kai ba sai da tafi ya lafa.

A hanyar gida yana gaba, mu muna baya. Kaka ta ce wa Inna, da ƙarfin da zai ji, "Ki gaya wa mai gidanki ƙaguwar takardarsa ba gishiri. Amma ya kai ta gida." Baba bai waiwayo ba. Mako na zagayowa ya riga kowa zuwa rumfa, kuma wasiƙar ƙanensa ta gaba shi ya karanta abarsa, a ɗakinsa, ƙofa a rufe. Ƙannena duk ya sa su makaranta. Ni lokacina ya riga ya wuce, sai na zauna a gindin Kaka na kwashe abin da ke cikinta, kuma ban yi asara ba.

Yanzu inda rumfar take shaguna ne da hayaniyar manyan motoci. Ranar Asabar akan kai ni ɗakin karatu a cikin gari tare da tattaɓa-kunnena, wurin da iyaye ke zama a kan darduma suna karanta wa 'ya'yansu. Littattafai har rufi, fanka na juyawa, kowa na karatu kamar ruwa na gangara, wani ma ido ɗaya a waya. Ina jin daɗinsu, in sun nemi tatsuniya kuma ba na rowa. Amma da aka tambaye ni wa ya fi iya karatu a duk waɗanda na gani, ban yi dogon tunani ba. Na ce wani manomin doya ne, wanda kafin ya gama shafi ɗaya sai tukunya ta nuna.