Fim ɗin da Ya Kai Ni Lau

Har yau ban manta da Alhamis ɗin da wani Kyaftin ya zo gidan talabijin ɗinmu a Jalingo saboda wani tsohon fim ba. A damunar 1996 ne, zamanin mulkin soja. Ni Ayuba a lokacin mataimakin jami'in shirye-shirye ne, wato mai zaɓar kaset, mai share masa ƙura, kuma mai shan zagi idan ya maƙale a inji.

Kasetocinmu duk na gado ne. Da aka raba tsohuwar jihar Gongola aka zo rabon kaya, na Yola suka tsince masu kyau, suka loda mana ragowar a kwali. A cikin kwalin na tsinci wani fim na Turawa, baƙi da fari, mai kashi shida. Biyar ne suka iso Jalingo. Na shidan na taɓa kallonsa a Yola, kuma can ya yi zamansa.

Labarin wata duniya ne can sama, wadda mutanenta suka narkar da makamansu tun zamanin kakanni, suka rantse ba za su ƙara ɗaga wa kowa hannu ba. Sai ga wasu baƙi sun sauko cikin jirgi, da kaki da hular ƙarfe, sun zo kwashe ruwan duniyar. Suka tara mutane suka sa su jan famfo. Dattawan gari kuwa kullum suna cikin mitin, suna shawarar yadda za su roƙi baƙin ba tare da sun ɓata musu rai ba.

Gaskiya aikin fim ɗin abin dariya ne. Jirgin kamar murfin tukunya aka rataya da zare, hulunan kuma bokiti ne, ko makaho zai shaida. Amma ni ina son labarin, kuma har gobe ina cewa ya fi finafinan karate da ake rububi a lokacin. Tunda da Turanci yake, kowace Lahadi kafin a sa shi nakan zauna gaban kyamara in taƙaita wa jama'a abin da ya wuce da Hausa.

A ofis kuwa ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Babban injiniyanmu, Malam Buba, shi ya fi kowa cika baki. Duk sanda dattawan suka shiga mitin sai ya buga tebur ya ce, "Kai, waɗannan mutane ba su da zuciya sam! Da ni ne, wallahi da sufana zan fasa wa mutum bokitin nan."

Ranar Litinin bayan kashi na biyar, wata Landiroba ta tsaya a ƙofa. Wani kofur ya leƙo ya ce Kyaftin zai zo ran Alhamis a kan fim ɗin Lahadi. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ja motarsa.

Kafin azahar Manaja ya kira mitin. Manajanmu mutum ne mai son zaman lafiya, musamman zaman lafiyar kujerarsa. Ya tambaya wa ya tuna abin da na faɗa a taƙaitawar jiya. Sai Malam Buba, mai sufana, ya miƙe ya karanto shi kamar hadda: "Ya ce, baƙi masu kaki sun zo ba wanda ya gayyace su, kuma sun ce gyara suka zo yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai abin da ke cikin fim ɗin ke nan."

Manaja ya ce, "Ayuba, ni na gane. Amma soja zai gane?"

Aka yi mitin Litinin, aka yi Talata, aka yi Laraba. Wani ya ce a ƙona kaset, wani ya ce a ce injin ne ya sa fim ɗin da kansa. Daga ƙarshe aka tsaya a kan shawarar da ta fi sauƙi: a hukunta ni tun kafin Kyaftin ya iso, don ya tarar an riga an gyara. Aka naɗa ni wakilin gidan talabijin a Lau. Ga waɗanda ba su san aikin ba, wakili shi ne mai aiko da rahoto da hotuna daga ƙaramar hukuma. Kyamara ɗaya gare mu a duk gidan, kuma ba za ta bi ni ba. Matata Rifkatu tana koyarwa a nan unguwar Majidaɗi, yaranmu suna makaranta, ba ta yadda za su bi ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma aka ce in zo ran Alhamis in tsaya a gefe, ko za a buƙaci nuna mai laifi.

Kyaftin ya iso da hantsi. Saurayi ne siriri, da 'yar sanda a hammata. Yana shigowa ofishin Manaja duk muka miƙe. Ya zauna, ya ɗora hularsa a tebur, ya ce, "Wane ne mai wannan fim?"

Hannuwa suka nuno ni kafin in buɗe baki. Na Malam Buba ya fi na kowa tsawo.

Kyaftin ya washe baki. "Kai ne? Wallahi ka iya aiki! A bariki duk Lahadi muna taruwa, dariya har da hawaye. Waɗannan tsofaffi da mitin! Farar hula sak. To an ce mana kashi na ƙarshe babu. Shi na zo tambaya."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri irin ta Manaja ba. Ya ce, "Sa, ai ni na ba da umarnin a sa fim ɗin. Na ga akwai darasi a ciki." Malam Buba ya ƙara da cewa shi tun farko ya san fim ne na masu ilimi.

Kyaftin bai kula su ba. Ya ce da ni, "Ka ga ƙarshen? Yaya ya ƙare? Sun ɗauki bindiga?"

Manaja ya ƙifta mini ido. Na ga tunda Lau ta riga ta zama tawa, ƙarya ba za ta ƙara mini komai ba. Na ce, "Ba su ɗauka ba, sa. Wata safiya duk mutanen suka saki famfo, suka zauna a ƙasa. Aka yi tsawa, aka yi duka, ba wanda ya rama, kuma ba wanda ya tashi. Baƙin ba su iya jan famfon da kansu ba. Da ƙishirwa ta ishe su, suka hau jirginsu suka tafi."

Kyaftin ya fashe da dariya. Ya ce, "Wannan kam sai a fim. Wa zai zauna? Ku?"

Ya nuna mu da 'yar sandarsa ɗaya bayan ɗaya. Sai a lokacin na lura: kujeru ga su nan a jere ba kowa a kai, mu kuma manya-manyan ma'aikata, har da masu furfura, muna tsaye hannu a baya tun shigowarsa, alhali bai ce kowa ya tsaya ba. Ya ɗauki hularsa, ya ce a nemo kaset ɗin, ya fita. Har ƙarar motarsa ta ɓace ba wanda ya zauna.

Na ɗauka magana ta ƙare, na tambayi Manaja ko gobe in dawo teburina. Ya ce, "Yau ya yi dariya. Idan ya je ya kwana ya sake tunani fa? Ka je Lau tukuna, mu ga yadda iska za ta kaɗa." Ba a aika kowa Yola ba. Aka gaya wa bariki inji ya cinye kaset, ba a jima ba kuma aka canja wa Kyaftin wurin aiki, ya tafi bai ma san an taɓa ni ba.

Shekara biyu na yi a Lau, ina aiko wa gidan talabijin rahoton farashin kifi ba hoto. Ranar da aka haifi autarmu ina can, mota ta maƙale a laka, ban iso ba sai bayan suna.

Saboda haka ku da kuka shigo aikin nan daga baya, idan kun ji ana cewa hukuma ce take toshe mana baki, ku yarda, amma ku bincika. A tawa dai, sojan bai nemi kan kowa ba. Abokan aikina ne suka yanka suka kai masa, kuma ko kallon farantin bai yi ba.