Yadda Baba Ya Warkar da Kyarkecina

Baba ya zo New York ne don a yi masa aikin gwiwa. Duk ƙuruciyarsa ya ƙarar da ita yana malamin dabbobi a kudancin Kaduna, yana bin rugage a kan babur, yana tsugunawa gindin shanu, har gwiwar dama ta ce ta gaji. Ni kuwa a lokacin ina aikin ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a Bronx, ina zaune ni kaɗai a Morris Heights, a wani bene da jirgin ƙasa mai lamba huɗu ke girgiza tagoginsa. Aka yi aikin lafiya, aka sallame shi a tsakiyar hunturu, likita ya ce ya riƙa takawa kullum. Baba ya leƙa ta taga, ya ga dusar ƙanƙara ta binne motocin mutane, ya ce shi bai ga inda mai hankali zai sa ƙafa ba. Ya zauna a kujerar da ke gaban talabijin, ya miƙe ƙafa, nan ya kafa gwamnati.

Kujerar tawa ce. A kanta nake zama in na taso daga aiki, in kunna wani wasan bidiyo da na daɗe ina yi. Ƙasa ce guda a cikinsa, da duwatsu da dazuzzuka da garuruwa, mutum ya ƙirƙiri jaruminsa ya shiga duniya. Tawa mace ce, doguwa, mai gatari. Abin da na fi ƙauna a tattare da ita shi ne tana rikiɗa ta zama kyarkeci. Ba kyauta na samu wannan ba. Akwai wani farin kyarkeci a wani kwari, sai ya ciji mutum bai kashe shi ba sannan abin ya kama shi. Na yi ta zuwa kwarin nan ina tuɓe mata sulke ina tsayar da ita a gabansa, yana yayyaga ta, ina sake farawa, har ranar da aka dace. Mutanen cikin wasan suna kiran abin la'ana. Ni da na wuni ina yi wa marasa lafiya murmushi, ina roƙonsu su ja numfashi su riƙe, ina ba da haƙuri a kan laifin da ba nawa ba, na san daɗin in dawo gida in yi gudu da ƙafa huɗu, gari guda yana watsewa a gabana.

Wata Asabar da rana, Baba yana gyangyaɗi, na rage murya na kunna. Ban san ya farka ba sai da jarumar ta duƙa, gashi ya feso mata, bakinta ya yi tsini. Ya gyara tabarau ya tambaye ni me ya same ta. Na ce kyarkeci ne ya cije ta. Ya tambaya tun yaushe, kuma a ina, a hannu ko a wuya, kuma tana shan ruwa. Na amsa iyakar abin da na sani. Sannan ya tambaya ko akwai magani, na ce akwai, amma yana da nisa kuma da wahala.

Gaskiya na faɗa. Sai dai ni ina nufin babu mai zuwa nemansa, shi kuwa abin da ya ji shi ne 'yarsa tana da mara lafiya a gida kuma ba ta da lokaci.

Daga ranar na daina wasan. Akwai kunya mace mai shekara talatin da ɗoriya ta zauna tana haushi a gaban mahaifinta, dattijon coci. Ga shi kuma an ƙara mana aiki, masu zamewa a kan ƙanƙara sun cika asibiti da karaya. Don kada kaɗaici ya dame shi, na roƙi maƙwabcinmu Alhaji ya riƙa leƙo shi. Alhaji mutumin wajen Maraɗi ne, yana da tebur a Harlem inda yake sayar da huluna da safar hannu da rigunan waya, amma in sanyi ya tsananta yakan bar wa ƙannensa teburin. Ranar farko ya shigo da butar shayinsa, ya ji aikin da Baba ya yi, ya raɗa masa Lokotoro, wato likita a bakin mutanen Nijar. Baba, wanda bai taɓa yarda a kira shi likita a gida ba saboda ba shi da takardar, bai yi gardama ba.

Abin da ya biyo baya daga baya na ji shi, rabi daga bakin Baba, rabi daga bakin Alhaji, kuma labaran biyu ba su cika haɗuwa ba. Baba ya nuna wa Alhaji mara lafiyar. Alhaji ya kalla sau ɗaya ya ce wannan ai ba sabon abu ba ne, a ƙauyensu an yi wani mahauci mai zama kura, kowa ya san shi, har bikin 'yarsa an je. Baba ya ce babu wani mahauci, haukan kare ne, ya ga irinsa ba adadi, cizo ne ke kawo shi kuma allura ce maganinsa. Suka yi musu har shayi ya huce. Abu ɗaya suka yarda a kai, ba a barin 'yar mutane a haka.

Matsalar ita ce yatsun Baba ba sa jin maganar rimot. In ya ce jarumar ta yi gaba sai ta kalli sama ta faɗa rami. Alhaji kuwa yatsunsa sun saba da ƙananan maɓallai, amma Turancin rubutu bai dame shi ba. Sai suka raba aiki, Alhaji na tuƙi, Baba na karatu da ba da umarni. Duk wanda suka gamu da shi a hanya, manomi ne ko mai gadin ƙofar gari, sai Baba ya sa an tsaya an yi masa tambayoyi har ƙarshe, kamar yadda yake yi wa makiyaya a ruga. Ni da nake tsallake surutun mutanen wasan ban taɓa sanin suna da abin faɗa haka ba. Ta haka suka ji labarin wata tsohuwa a cikin fadama mai haɗa maganin, wadda ta ce a kawo mata wata saiwa daga ƙolin dutse, da gashin dabbar da ta yi cizon. Baba ya ce tsohuwar nan ta san aikinta, domin ko a asibitin dabbobi abu na farko shi ne a nemo karen.

Ni dai na ga canji, ban gane kansa ba. Mutumin da sai na yi da gaske yake zagaya falo ya koma tashi da sassafe, ya ɗauki sandarsa ya bi baranda ya buga ƙofar Alhaji. In faɗa ya yi zafi a wasan, an ce miƙewa yake yi tsaye yana nuni da sanda, yana durƙusawa in an kawo sara. Matar da ke zuwa duba masa gwiwa ta yaba, ta ce a ci gaba da duk abin da ake yi. Na ɗauka nasihata ce ta shiga.

Ranar wata Lahadi muka dawo daga coci, karon farko da Baba ya hau bas da ƙafarsa, muka tarar Alhaji yana jiranmu a bakin ƙofa cikin babbar riga, da ƙunshin kilishi a hannu. Aka zaunar da ni a kujerata, abin da ban samu ba tun zuwan Baba. Alhaji ya kunna. Ga jarumata a tsaye a bakin wata bukka, rana na haska ta, sun saya mata doguwar riga mai rufe wuya. Baba ya miƙo min rimot ya ce in gwada. Na danna inda nake dannawa ta rikiɗa. Ta ɗaga hannu ta sosa kai. Na sake dannawa, ta sake sosa kai.

"Ta warke sarai," in ji Baba. "Kuma tsohuwar ta ce ko an sake cizonta ba zai kama ta ba. Rigakafi ke nan."

Na shiga wurin da ake ajiye tsofaffin matakan wasa, ko zan koma baya. Babu ko ɗaya. Na'urar ta yi musu ƙorafin wuri ya cika, Baba kuwa tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ba ya son tarkace, ya sa aka share komai aka bar na ƙarshe.

Na daɗe ina kallon talabijin. Alhaji yana ba da labarin yadda farin kyarkecin ya kashe su har sun daina ƙirgawa, da yadda Lokotoro ya ba da shawarar a sa masa nama a tarko. Dukansu biyu fuska sai sheƙi take yi. Na so in yi shiru in ci kilishi, amma na kasa haƙura.

"Baba, ni fa na kai ta aka cije ta. Da gangan."

Na zaci zai yi mamaki. Ya ɗauki kofin shayinsa ya hura.

"Na sani, Uwata. Akwai wani makiyayi a kwarin, shi ya gaya mana. Ya ce ke ce mai tuɓe sulke ki tsaya." Ya kurɓa. "Ni ban taɓa tambayar kare ko yana son allura ba."

Alhaji ya ce shi fa tun a lokacin ya ba da shawarar a jira a tambaye ni, amma ba a gardama da likita. Baba ya ce bai tuna an yi wannan maganar ba. Suka koma musunsu, suka bar ni da jarumata mai ƙoshin lafiya.

Na ci gaba da wasan bayan haka, ba kullum ba. Tafiyar da nake yi a guje ta koma ta ƙafa biyu. Ƙananan namun daji da a da ke gudu in sun hango ni suka fara kashe ni a bakin hanya. Amma masu shaguna sun daina rufe ƙofa in na shigo gari, yara sun daina jifa, har wani mai ƙira ya nemi aurena. Da na gaya wa Baba wannan, ya ce in duba lamarin da kyau, ƙira sana'a ce mai kyau.

Ana saura 'yan kwanaki ya koma gida, ƙanƙara ta narke, injinmu na asibiti ya lalace aka sallame mu da rana tsaka. Tun daga matakala na ji haushi yana fitowa daga ɗakina. Na buɗe ƙofa a hankali. Sun buɗe sabon wasa, sun ƙirƙiri nasu jarumin, wani tsoho mai furfura, ko da yake a lokacin ba a ganin furfurar, domin wani ƙaton kyarkeci ne ke tsallake katangar wani gari, masu gadi na zubar da makamansu suna neman wurin ɓuya. Rimot ɗin a hannun Baba yake. Sandar tana yashe a ƙasa, shi yana tsaye, Alhaji yana gefe yana cewa hagu, Lokotoro, hagu.

Alhaji ne ya fara ganina, ya taɓa shi. Baba ya juyo, ya gyara tabarau, bai saki rimot ba. Ya ce bincike suke yi, ba a fahimtar cuta sosai sai an gan ta daga ciki, kuma gobe ko jibi za su je wurin tsohuwar fadama. Na ajiye jakata na shiga kicin na ɗora ruwan tuwo. Har ranar da na raka shi filin jirgi ba su je ba.