Yatsu Uku a Kan Sandar Tsintsiya

A bakin titin Ka'akiyya Baba Hadi yake jiran mota, idonsa na kan wani dogon saurayi mai shara. Mutumin ya rungume sandar tsintsiya, yatsunsa uku na dannawa da sauri, kumatu a kumbure, amma ba sauti.

"Ɗana, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Baba. Babban ƙaho nake busawa a ƙungiyar badujala, can gida na baro shi. Sabuwar busa na samo a waya, mai wuya, ta mutum ɗaya, ba ganga. In na daina bitar ta, yatsun za su manta ni."

Wuri ɗaya yake ta kuskurewa, yana komawa farko.

Mota ta zo ta wuce. Baba Hadi bai motsa ba. So yake ya ga yatsun nan sun haye wurin.