Wayata a Kan Faifan Inna

Ni da abokina rana ɗaya muka cike takardar neman digiri na biyu, a wani shagon intanet da ke bayan tashar mota a Gusau. Ni ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Bungudu. Shi kuwa ɗan Bilbis ne, yana taya kawunsa tsaron shagon hatsi a kasuwa kafin Allah ya kawo aiki. Tun a jami'a muke tare, ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Da aka zo wurin sa lambar waya sai ya karanto tawa, ko kallona bai yi ba. An zare masa wayarsa a cikin kasuwa tun kafin azumi, kuma kullum gobe zai je ya dawo da layin. Na ce masa wato ni ne sakatarenka ke nan. Ya ce ai lambata kaɗai ya haddace a duniya, ko tasa ta da sai ya tsaya tunani.

Ban taɓa ganin mutumin nan ya sa kati ya kira wani ba. Filashin ne sana'arsa. Ya ari wayar duk wanda ke kusa da shi, ya danna lambata, kafin ta gama ƙara ɗaya ya katse. Ni kuma in ga baƙuwar lamba, in yi tsaki, in kira da kuɗina, in ji shi yana dariya yana tambaya ko an fitar da sunaye. Na zage shi a kan wannan ɗabi'a har na gaji, ko a jikinsa.

Jiran jami'a kuwa wani ciwo ne mai zaman kansa. Ba sa ce maka e, ba sa ce maka a'a. Ka shiga shafinsu ka ga an rubuta a dakata, ana dubawa. Akwai wani zauren masu jira da muke ciki a waya, inda kullum sai an samu wani mai ƙanin baba a ofishin da ya rantse masa ran Litinin za a saki. Litinin ta zo ta wuce, ya dawo ya ce ta sama yake nufi. Ni mutum ne mai gajen haƙuri, na sani, a gida ma an sani. Na yi faɗa da mutum uku a zauren nan da ko fuskarsu ban taɓa gani ba. Abokina shi ke kwantar da ni. Ya ce abin da aka rubuta maka ba ya wuce ka, in daina ƙona data.

Da ruwan farko ya sauka sai ya ce zai je gida ya taya mahaifiyarsa shuka, ya dawo bayan kwana biyu. Ya shiga mota a Gusau da hantsi. Direban ya tuna da shi sarai, don sun yi musu a kan kujerar gaba, ya ce a Tsafe ya sauke shi. Mai shayin tasha ya ga ya hau bayan wani ɗan kabu-kabu, sun nufi hanyar Bilbis. Daga nan babu wanda ya sake cewa ya gan shi. Ba a ga babur ba, ba a ga takalmi ba, ɗan kabu-kabun ma babu wanda ya iya cewa ga shi. An je wurin 'yan sanda, an zagaya asibitoci, an yi cigiya a masallatai.

A wajenmu idan mutum ya ɓace a hanya, danginsa sun san abin da ake jira. Kira ake jira. Waɗanda suka tare mutum sukan ce ya faɗi lambar da ya haddace. Muna zaune a zauren kawunsa ana ta shawara, sai na ga tsohon yana kallon aljihun rigata. Ɗaya bayan ɗaya sauran ma suka juyo. Sai a lokacin na gane.

"Malam, wayar nan taka kar ta mutu," in ji shi. "Ko da minti guda."

Daga ranar waya ɗaya ta koma tana jiran abu biyu. Na daina kashe mata murya ko a masallaci, har wani dattijo ya yi mini nasiha bayan sallar la'asar, na ba shi haƙuri ban yi masa bayani ba. In zan yi wanka sai in rataye ta a ƙusa cikin leda. An ɗaura auren ɗan'uwana a Rawayya na ƙi zuwa, don an ce sabis ɗin unguwarsu sai an hau tudu. Hedimastanmu ya hana shiga aji da waya, na ce masa ko dai ni da ita mu shiga tare ko mu fita tare. Ya dube ni ya ga ba wasa a idona, ya ƙyale ni.

Mahaifiyar abokina, wadda ni ma Inna nake ce mata, ta baro Bilbis ta dawo gidan ƙanwarta a Tsafe don ta fi kusa da labari. Duk Asabar sai in je. Ba ta taɓa tambayata ko an kira ba, fuskata take dubawa tun daga ƙofa. In na zauna sai ta miƙo hannu, in ba ta wayar, ta goge ta da bakin mayafinta, ta ɗora a kan wani sabon faifai da ba ta rufe komai da shi, ta ajiye a tsakaninmu. Haka za mu wuni, ni da ita da faifai. Ba ta iya karatun boko ba, saboda haka in wayar ta yi motsi ba ita take kallo ba, ni take kallo. In saƙon kamfanin layi ne sai in girgiza kai, ta koma jan carbinta.

Zan faɗi gaskiya, a duk zaman nan ban daina son makarantar ba. Wayar na motsi, rabin zuciyata na cewa Allah sa shi ne, rabi na cewa Allah sa su ne. Kunya nake ji, amma kunyar ba ta hana ni shiga shafin nan a cikin mota in na baro Tsafe. In duba nawa, in duba nasa, tunda lambobinsa na shiga duk suna hannuna. Duka biyun abu ɗaya suke faɗi, a dakata.

Gero ya kai gwiwa lokacin da aka fara yi mini filashin. Ina cikin aji da rana tsaka, ina rubutu a allo, wayar ta yi rabin ƙara ta katse. Alli ya faɗi daga hannuna. Na san wannan katsewar kamar yadda na san tarin mahaifina. Na fita da gudu na kira lambar. Wata mata ta ɗauka, ana jin daka a bayanta, ta ce ita ba ta kira kowa ba, wayar ma tana cikin kwano a ɗaki tun safe. Na matsa mata da tambaya har ta ce in ji tsoron Allah, ta kashe.

Bayan 'yan kwanaki aka sake, da wata lambar. Wannan da na kira sai aka ce layin ba ya kan aiki. Wata rana kuma aka ɗauka ba a yi magana ba. Na yi sallama, na kira sunan abokina, na sake kira. Iska kawai nake ji tana kaɗa wani abu mai ganye, da kukan kurciya can nesa. Na tsaya a bakin titin Bungudu, manyan motoci na wucewa, ina ihu cikin waya kamar mahaukaci, har katina ya ƙare. Na san ana kuskuren lamba, na san yara na wasa da wayar iyayensu. Duk na faɗa wa kaina wannan. Amma kafin ya ɓace, ban da shi babu mai yi mini filashin, kuma duk waɗannan da rana suke zuwa, daidai lokacin da kasuwar hatsi ke lafawa ya samu sukunin aron waya.

Sau ɗaya ne na samu wanda ya ba ni wani labari. Wani manomi ne a Wanke. Ya ce e, yanzun nan wani saurayi ya ari wayarsa a gindin wata tsamiya da ke bakin gonarsa, ya ce zai taɓa abokinsa ya ji labarin makaranta. Na ce ya riƙe shi, don girman Allah ya riƙe shi. Ya ce ai ya wuce. Ban nemi izinin kowa ba na bar aji na hau babur.

Na sami mutumin yana noma. Dattijo ne mai hankali, ba irin masu ƙarya don a saurare su ba. Ya kai ni gindin tsamiyar. Na tambaye shi kamannin saurayin, ya ce dogo ne, ko kuma dai matsakaici, rigarsa fara ce da ta sha ƙasa. Fuskar fa? Ya cire hula ya sosa kai, ya ce wallahi ya dube shi sosai amma yanzu ta ƙi zo masa. Ta ina ya bi? Ya nuna gabas, sannan ya sauke hannun, ya ce shi dai ya duƙa ya mayar da wayar aljihu, da ya ɗago babu kowa. An yi ruwa da safe, ƙasar wurin a jiƙe take. Na duba na ga sawun dattijon, na ga nawa, na ga na awaki. Kurciya na ta kuka a saman tsamiyar. Ban tsaya yi masa godiya yadda ya kamata ba, na juyo.

Ban gaya wa Inna zancen Wanke ba. Kawunsa na gaya wa, ya aika mutane suka zagaya ƙauyukan wajen, ba su samo komai ba. Ya ce in bar shi a cikina, kar mu ɗaga mata rai a banza.

Ranar da abin ya zo Asabar ce, gero ya fara fitar da kai. Muna zaune a tsakar gidan Tsafe bayan azahar, ƙanwar Inna na tankaɗe a ƙofar madafa, wayar na kan faifai. Ta yi ƙarar saƙo. Na ɗauka ba tare da wani zato ba, na buɗe. Jami'a ce. Suna taya ni murna, sun ba ni gurbi, in je in yi rajista.

Ban san lokacin da fuskata ta washe ba. Wallahi ban sani ba. Wata da watanni ina jiran kalmomin nan, bakina ya riga hankalina. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, har da miƙewa tsaye.

Inna ta saki carbi. Ta dube ni, ta ga haƙorana a waje, sai ta kife goshinta a ƙasa, a kan ƙasar tsakar gida ba ko tabarma. Ƙanwarta ta yar da rariya ta rangaɗa guɗa. Matan maƙwabta suka fara shigowa da gudu, wata ba ko ɗankwali, ana an gan shi, an gan shi. Ni ina tsaye da waya a hannu, na ga abin da na yi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Inna ta ɗago, goshinta duk ƙasa, tana dariya tana hawaye.

"Yana ina? Mi suka ce?"

"Inna, makaranta ce," na ce. "Ni suka ba gurbi."

Guɗar ta tsaya a tsakiya. Matan suka tsaya cirko-cirko, sannan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Inna ta zauna a inda take. Ta daɗe tana kallon faifan da babu komai a kansa. Ta sa bakin mayafi ta goge goshinta a hankali, ta lalubo carbinta. Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ban ma san me nake cewa ba. Ta ɗaga mini hannu.

Ta ce Allah ya sanya albarka, ya sa a fara a sa'a. Ta ce da yana nan da shi zai fi kowa murna, kuma gaskiya ta faɗa. Ta tambayi garin da makarantar take, na faɗa mata, ta ce da nisa. Sannan ta jawo faifan ta kife shi a jikin bango.

"Can inda za ka, akwai sabis?"

Na ce akwai, Inna.

"To kar ka kashe ta, ɗan nan. Lambarka kaɗai ya sani."

A motar komawa Gusau na shiga shafinsa. Yana nan yadda yake, a dakata, ana dubawa. Haka ya ci gaba da nunawa har ranar da jami'ar ta rufe shafin shekarar.

Na je na yi karatun, na gama. Malamai sun kore ni daga aji a kan ƙarar waya ba sau ɗaya ba, ban taɓa yi musu gardama ba, duk da halina. Wayar ta lalace na sayi wata, na mayar da layin ciki tun a gaban mai shagon. Inna ta koma Bilbis. In na je gaishe ta har yanzu fuskata take fara dubawa, shi ya sa nake tsayawa a zaure in daidaita ta kafin in yi sallama.