Kofin Farko Na Gali Ne

Gali taurin kai gare shi, Allah ya jiƙan sa, kuma ko a gaban iyalinsa zan faɗa. Ni Datti mai faci na fi kowa sanin sa, don tare muka tashi a ƙauyenmu na bakin dam, tsakanin Kabo da Gwarzo. Ni na tsaya ga facin taya. Shi kuwa ya yi kamun kifi, ya yi dako a kasuwa, daga baya Allah ya hore masa adaidaita sahu.

'Yan birni kan zo cin soyayyen kifi Asabar da Lahadi. Su taho da lemonsu a bayan mota, su sha, su watsar mana da robobi. Abin ya tsaya wa Gali a rai. Wata rana ya tari wasu ya ce, "Haba Alhaji, garin da ake kunun zaƙi irin namu za ku shigo da wannan ruwan kala? Ku hau in kai ku ku ji." Suka hau don raha, ashe sana'a ce ta samu.

Sai ya riƙa zagayawa da baƙi gida gida, yana tuƙi bakinsa bai yin shiru: yadda ake jiƙa gero, yadda ake tsirar da dawa, abin da ya sa ba a gaggawar tace kunu. Su tsaya gidan Sa'ada, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, a sha zoɓo da kunun aya. Su bi sauran gidajen, a ƙare a zauren Inna Asiya, tsohuwar da kunun zaƙinta ya fi na kowa. Kafin a jima masu biki daga Kano suka fara aiko da motoci ana cika musu jarkoki.

To amma ɗan birni bai yarda da ruwan rijiya ba. Sai ya riƙe kofi yana leƙawa kamar zai ga kwaɗo a ciki. Don haka Gali ya kafa ƙa'ida: kowane gida shi ke fara sha, kofi cike, ya shanye a gabansu ya kife. Sai a lokacin suke kai nasu baki. Inna Asiya ma har guntun mazarƙwaila take jefa masa a nasa, tana cewa, "Wannan na ɗana ne."

Da ya fara rama, ga ƙishirwa ba dare ba rana, ni na raka shi asibiti. Ciwon suga. Likita ya ce ko shayi kada ya ƙara sa wa sukari. A hanya na ce masa, "To sai ka gaya wa matan nan."

Ya ce, "Datti, in suka ji, ba mai ƙara miƙo min kofi. In ban sha ba, baƙo ba zai sha ba. Gobe kuma ka ji ana cewa kunun garinmu ne ke sa ciwo. Sa'ada da me za ta ciyar da yaran nan?"

Na ce to ni in riƙa bin sa ina sha a madadinsa. Ya dubi hannuna ya tuntsire da dariya. "Kai da wannan baƙin mai har gwiwar hannu? Ai sai baƙin su gudu." Ya sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Wallahi ranar kamar in shaƙe shi don haushi. Duk mako ina zaune a rumfata ina ganin wucewarsa da baƙi, yana ɗaga min hannu, ni kuwa na san abin da za shi ya ɗura wa cikinsa.

Ƙaya ce ta soke shi a ƙafa, 'yar ƙaramar ƙaya. Ciwon ya ƙi warkewa, ya ci har ƙauri, aka kai shi Kano aka yanke. A gari abin da aka sani ke nan, ƙaya. Matan suka haɗa masa gaisuwa da abin da suka iya, suka ba ni galan-galan na zoɓo da kunu in kai masa.

Na jera su a gefen gadonsa. Ya ce in buɗe na Inna Asiya. Ya shinshina, ya rufe ido, ya daɗe haka, hawaye na bin kuncinsa. Sannan ya ce, "Raba wa masu jinya. Ka wanke galan-galan ɗin ka mayar musu, ka ce na shanye." A makon ya cika.

Bayan an share makoki na bi gida gida ina mayar da kayan mutane. Inna Asiya ta fito zaure tana dogara sanda, ta karɓi nata ta girgiza, ta ji wayam.

"Ya sha, Datti?"

"Ya sha, Inna."

Ta ce, "Alhamdulillahi. Na san ɗana da son zaƙi, shi ya sa na ninka masa mazarƙwailar."

Na ce mata ya yaba ƙwarai. Na fito na zauna a dakalin ƙofar gidan.