Kiɗan Sallamar da Balkisu Ta Yanke

Ni dai bokona bai yi nisa ba. Na shiga firamare a Bakura, na koyi rubuta sunana, da na ga malami ya fara kawo lissafi mai hawa-hawa sai na yi masa fatan alheri. Duk da haka ƙungiyarmu ta masu gangar noma a Talata Mafara ni ta naɗa uban ƙungiya, don ina da furfura da babbar riga, kuma in rigima ta taso ba ni da ƙafar gudu. Tallata mu a waya kuwa aikin jikata Balkisu ne. Ita ta buɗe mana shafi, ita ke ɗaukar bidiyo, ita ke gaya mini yawan waɗanda suka kalla, ni kuma in gyaɗa kai kamar na san iyayensu.

Abin da shafin nan ya jawo mana bana shi ya dawo mini da kakata, Inna Tumba.

Lokacin ɗari, in an ci tuwo, Inna kan tara kara da ɓawon gyaɗa ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta muna jiran dankalin da ta binne a toka. Ni take kira angonta, malalacin ango mai cin rabon amarya. In tatsuniyar dariya ce, fuskokinmu take kallo. In ta tsoro ce, sai ta ɗaga ido ta tsallake kawunanmu, ta kafa shi a bakin zauren da ke bayanmu. Ran nan can ta kalla.

"Ga ta nan ta biyo hayaƙi," in ji ta.

Muka ce ta sauko mu ji.

Wai an yi wani makaɗi wanda ya gaji ganga wurin ubansa, ya san taken kowane manomi, wato kiɗan da ake kiran mutum da shi, wanda in ya ji sai jikinsa ya tsuma ya ɗauki hauya. Wata shekara aka kira gayya, majiya ƙarfi duk sun tafi nema, ba a samu kowa ba sai tsofaffi. Makaɗi ya ji kunyar ya yi kiɗa babu taro. Sai ya juya ganga ya shiga buga taken waɗanda suka mutu.

Suka fito daga cikin dawa, kowa da hauyarsa, suka duƙa. Ba a jin ƙarar hauya, ba sa gumi, an kawo fura ba wanda ya dube ta. Kafin la'asar gona ta ƙare. Mutanen gari suka ɗauki makaɗi a kafaɗa ana guɗa, daɗi ya kwashe shi, ya manta bai buga kiɗan sallama ba, wanda ake tashin 'yan gayya da shi kowa ya koma gida.

Da magariba ya iske su jere a ƙofarsa.

"Ba su zage shi ba," in ji Inna, ta rage murya. "Tambaya guda sunka yi mai. Ina gona?"

Ya nuna musu wata, suka nome, suka dawo. Suka nome gonakin gari kaf, suka nome shukar da kanta, suka nome hanya, suka shigo tsakar gida. Da ya tuna da sallama, ya tarar fatar gangar ta fashe wurin murna. A ƙirjinsa ya buga ta da tafin hannu har ya yi jini, suka juya suka shige dawa. Sai guda ɗaya da ya yi nisa da noma, bai ji ba.

Na ce, "Inna, mi ya hana shi tahiya da kainai?"

"Ango, kiran girma anka yi mai. Kunya yaka ji shi tahi ba a sallame shi ba." Ta tono dankali ta hura. "Iyakarta ke nan. Wa za ya rufo muna zaure?"

Ba wanda ya tashi. A buɗe ya kwana.

To, bana muna shirin wasan kaka, Balkisu ta ce sai an sami abin da zai tsayar da yatsan mutane, don wai ja suke yi su wuce. Ta zaunar da babban makaɗinmu, Ɗan Ige, ta ce ya buga abin da ya fi taɓa shi. Tsoho ya rufe ido ya buga taken Na'Allah, wani sarkin noma na wajen Maradun da ya daɗe da rasuwa, hawaye na bin gemunsa. Da ya gama ya bi shi da sallama, yadda ya gada. Balkisu ta ga bidiyo ya yi tsawo, ta bar wurin hawayen, ta yanke ƙarshen, don a kunnenta kiɗa ne mai sanyi wanda ba ya jan kowa. Ta rubuta ranar wasa a ƙasa ta saki.

Abu ya kama. Masu shayi, 'yan kabu-kabu, masu albasa a Bakolori, kowa shi yake kunnawa.

Balkisu ta ce da ni, "Tsoho, ka ga aikin amaryarka?"

"Na gani. Sai dai ina kishi da wayar nan, ta fi ni samun kulawa."

Ana haka wata safiya wani dattijo ya yi sallama a zaurena, ramamme, idonsa ja. Muka gaisa, gida, iyali, gajiya, ruwan bana, har gaisuwa ta ƙare bai ɗago kai ba. Ya ce shi ne Mamman, ƙanen Na'Allah, gyaɗa yake sayarwa a kasuwar Maradun. Na aika aka kira Balkisu da Ɗan Ige.

"Ba hwaɗa ya kawo ni ba," in ji shi. "Roƙo na zo yi. Ku daina kiran Yaya."

Balkisu ta durƙusa. "Baba, girmama shi muka yi."

"Na sani, ɗiyata. Amma ina zaune kasuwa sai in ji takenai nan, in waiga in ji shi can, wani ya wuce bisa babur da shi. Kowane kira sai ya taho. Ina rufe ido in gane shi tsaye da hauya, yana dubana. Gonarmu tana ƙarƙashin ruwan dam ɗin Bakolori tun muna samari. Ina zan nuna mai?"

Ɗan Ige ya ce, "Ai na sallame shi."

"Ban ji ba. Na saurara har ƙarshe, ban ji ba."

Ni na san abin da liman kan faɗa, wanda ya tafi ya tafi, kuma ban musa ba. Amma na kasa juyawa in dubi ƙofa.

Nan take Balkisu ta goge bidiyon. Sai dai ta ce gogewar ta shafinmu ce kawai, wanda ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ta da iko da shi. Ta saka cikakken, da sallamarsa. Mutane suka kalli hawaye, suka ja yatsa kafin a kai ƙarshe. Muka ɗauki ganga har Maradun, Ɗan Ige ya buga sallama a ƙofar gidan Mamman, dattijon ya sami barci. Ran kasuwa wani yaro mai gyaran taya ya sake kunnawa.

Wasanmu ya cika, ban taɓa ganin taro irinsa ba. Balkisu ba ta ɗauki hoto ko ɗaya ba ran nan. Yanzu kafin ta saki kiɗa sai ta tambayi Ɗan Ige na wane ne, yana raye, kuma ina ne ƙarshensa.

Da ina yaro na ɗauka Inna tsoratar da mu take yi don mu daina yawon dare. Sai da na tsufa na gane maganar kira take yi. Tara mutane ba wuya, mai ganga ya iya, mai waya ma ya iya. Makaɗin Inna dai gangarsa guda ce, ƙirjinsa ya ishe shi gyara. Tamu tana aljihun kowa, kuma ba mai buga ta har ƙarshe.

Dabarar da ta rage Balkisu ce ta kawo ta. Ta karɓi 'yar ƙaramar wayar Mamman ta saka masa kiɗan sallama shi kaɗai, ta nuna masa inda zai danna. Na je Maradun kwanan baya na same shi a bayan tiren gyaɗarsa. Muna cikin gaisawa taken ya tashi daga rumfar mai shayi. Mamman ya ɗaga mini hannu in dakata. Ya bari aka gama kiran, ya ciro waya ya danna, ya riƙe ta sama, yana fuskantar wurin da ba kowa.

"Je ka huta, Yaya," in ji shi. "An gama aikin."

Sannan ya juyo ya tambaye ni mutanen gida.